Kurakuran da ke hana hoton bango sauya kansa kullum a waya da kwamfuta

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne. Mutum ya saita hoton bangon wayarsa ko kwamfutarsa ya riƙa sauyawa kullum, abin ya yi kwana biyu ko uku yana tafiya, daga nan ya tsaya cak a kan hoto guda. Sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace, ya goge ta ya sauke wata, ita ma ta yi masa haka. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Na'urar ce da kanta ta dakatar da aikin don ta tsimi batir ko data, ko kuma an gusar da hotunan daga inda aka nuna mata su. Wanda ya gane wannan ba zai sha wahalar gyara ba.

Mu fara da kwamfuta mai Windows 10 ko 11. Ba a buƙatar sauke komai. Za ka shiga Settings, ka taɓa Personalization, sannan Background, ka zaɓi Slideshow, ka nuna mata foldar da hotunan suke. A ƙasa akwai tazarar sauyi guda shida: minti 1, minti 10, minti 30, awa 1, awa 6 da kwana 1. Kuskuren farko a nan yake: mutum ya zaɓi kwana 1 kai tsaye, ya zauna jiran gobe kafin ya san ko saitin ya kama. Ka fara sa minti 1, ka ga hoto ya sauya sau biyu ko uku da idonka, sannan ka mayar da shi kwana 1. Idan bai sauya a minti ɗaya ba, ba zai sauya a kwana ɗaya ba.

Idan laftof ce, abin da ya fi tsayar da shi batir ne. Windows tana dakatar da sauyin hoto da zarar an zare caja, kuma haka take zuwa tun daga kamfani. A inda wuta ba ta zama, laftof kan yi rabin yini a kan batir, shi ya sa mai ita zai ga kamar abin yana aiki ne lokacin da ya ga dama. A wannan shafin na Background akwai maɓallin da ke ba da izinin ci gaba da sauyawa ko ana kan batir, ka kunna shi. Idan ya ƙi, ka shiga Control Panel, Power Options, ka buɗe cikakken saitin tsarin wutar da kake kai, ka nemo Desktop background settings. A ƙarƙashin Slide show za ka tarar an sa Paused a ɓangaren batir, ka mayar da shi Available. Sauyi ɗaya a yini ba ya cin batirin da za a ji a jiki.

Sai maganar folda, wadda ita ce aka fi yi wa sakaci. Windows ba ta kwafe hotunan ta ajiye a wani wuri, adireshin foldar kawai take riƙewa. Ka sauya wa foldar suna, ko ka ɗauke ta daga Downloads zuwa Pictures, ko ta kasance a kan filas ɗin da ka zare, to ta ɓace mata, sai ta maƙale a hoton ƙarshe da ta nuna. Haka nan ba ta leƙa ƙananan foldoji da ke cikin babbar folda. Wanda ya rarraba hotunansa gida-gida, na daji daban, na gine-gine daban, sannan ya nuna mata uwar foldar, ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. A zuba su duka a folda guda, a kan faifan kwamfutar, a bar ta inda take. Masu amfani da OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, su duba alamar da ke jikin kowane hoto: idan alamar gajimare ce, hoton yana intanet ne ba ya cikin kwamfutar. A danna foldar da maɓallin dama a zaɓi Always keep on this device. Hotunan da aka ɗauka da iPhone kuma sukan zo da nau'in HEIC, wanda Windows ba ta buɗewa sai an saka mata ƙarin manhaja. Ya fi sauƙi a juya su zuwa JPG kafin a zuba.

Wani zai tarar shafin Background gaba ɗaya ya yi fari-fari ba ya taɓuwa, da rubutu a sama cewa sai an kunna lasisin Windows. Wannan ba matsalar hoto ba ce, kuma ana yawan samunta a kwamfutocin da aka saya na hannu aka sake ɗora musu Windows a kasuwa. Sai an sa lasisi na gaskiya shafin zai buɗe.

Wanda ba ya son tara hotuna da kansa yana da Windows Spotlight, tsarin da ke sauko da sabbin hotuna daga Microsoft da kansa, wanda a Windows 11 ake iya sa shi a bangon kwamfutar, ko manhajar Bing Wallpaper da Microsoft ta fitar a 2020, mai ɗauko hoton ranar daga shafin Bing. Dukansu sai da intanet. Idan ka sa wa layin da kake amfani da shi alamar Metered connection don kada Windows ta shanye maka data, ka san cewa tana iya hana su sauko da sabon hoto. Akwai kuma wani dalili da mutane ba sa kawowa a ransu: agogo. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, wanda yawanci CR2032 ne mai kama da kwabo, takan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe ta. Da kwanan wata ya kauce, amintattun shafukan intanet sai su ƙi karɓarta, hoto ba zai sauko ba. A gyara kwanan wata, a sauya batirin.

A kan Mac abin bai da wuya. Daga macOS Ventura zuwa sama, ana shiga System Settings, Wallpaper, a ƙara folda ko kundin hotuna, a zaɓi sauyawa kowace rana. Inda ake ruɗewa shi ne hotunan Dynamic, waɗanda suka fara zuwa a Mojave a 2018. Su hoto ɗaya ne da haskensa ke bin rana daga safe zuwa dare, ba sabon hoto suke kawowa kullum ba.

Wayoyin Android ne suka fi ba da ciwon kai, domin kowane kamfani da irin yadda yake tsimin batir. Manhajar Wallpapers ta Google tana da zaɓin Daily wallpaper a cikin rukunonin hotunanta, kuma lokacin kunna shi akwai ɗan akwatin da ke cewa a sauko da hotuna ta Wi-Fi kaɗai. Wanda datar layinsa kawai yake amfani da ita, idan ya bar alamar nan a kunne, zai yi ta jira har abada. Ko haɗawa da hotspot ɗin wata wayar Android ba lallai ya wadatar ba, don wayar takan gane shi a matsayin data mai ƙidaya. A cire alamar. Lissafin bai kai abin tsoro ba: idan hoto ɗaya megabait 2 ne, megabait 60 ke nan a wata.

Bayan wannan sai a duba abin da ke kashe manhajar a bayan fage. A Samsung, ka shiga saitin batir, Background usage limits, ka tabbatar manhajar ba ta cikin jerin waɗanda aka kwantar barci, ka sa ta cikin Never sleeping apps. A Xiaomi da Redmi sai ka kunna mata Autostart. A Tecno, Infinix da itel, manhajar share waya da tsarin tsimin batir sukan rufe duk abin da ba ka buɗe ba, don haka ka ba ta izinin tashi da kanta, ka cire mata takunkumin batir. Idan Data Saver a kunne yake, ka ba ta damar amfani da data ba tare da ƙayyadewa ba. Ɗabi'ar share dukkan manhajojin da ke buɗe sau goma a yini ita ma tana taimakawa wajen kashe ta a wasu wayoyin.

Kada kuma a haɗa biyu. Idan manhajar Google tana sauya hoto, ga wata kamar Muzei ita ma an kunna, ga kuma hotunan allon kulle da suka zo da wayar, irin Magazine lockscreen na Tecno da Infinix ko Wallpaper Carousel na Xiaomi, kowacce za ta riƙa ture ta ɗaya. A zaɓi guda a kashe sauran. Waɗancan na kamfani su ma suna jan data, kuma wasunsu sukan haɗa da labarai da talla. Game da Muzei, kada ka ɗauka hotonka ne ya lalace idan ka gan shi dishi-dishi, haka take zuwa da gangan don gumakan waya su fito, kuma ana rage dishin a saitinta. Abin da ba ma ba da shawara ko kaɗan shi ne sauke manhajar hoton bango daga wajen Play Store. Manhajar da aikinta sa hoto ne ba ta da hujjar neman lambobin mutanenka ko saƙonninka.

A iPhone, tun iOS 16 da ya fito a 2022 akwai Photo Shuffle. Ka danne allon kulle, ka taɓa alamar ƙari, ka zaɓe shi. Tazararsa huɗu ce: da taɓawa, da kullewa, kowace awa, da kowace rana. Da yawa sukan wuce wannan matakin da sauri, daga baya su yi mamakin hoto yana sauyawa fiye da yadda suka so. Ana gyarawa ta Customize, a alamar ɗigo uku. Da hannu hoto 50 ne iyakar abin da za ka zaɓa, amma daga iOS 17.1 ana iya nuna masa kundi guda.

A nan akwai kuskuren da ya fi na batir muni, kuma ya shafi kowace na'ura: nuna wa tsarin dukkan hotunan kyamara. A cikinsu akwai rasit na banki, hoton katin shaida, takardar asibiti, hotunan iyali da ba na idon kowa ba. Allon kulle kuwa duk wanda ke kusa da kai yana ganinsa, a majalisa ko a wurin mai caji. Ka ware kundi na musamman, ka zuba abin da ba za ka ji kunya ba idan baƙo ya gani.

Saura ingancin hoton. Fuskar kwamfuta a kwance take, yawanci 1920 da 1080, tsofaffin laftof kuma 1366 da 768. Ta waya a tsaye take, 720 da 1600 a masu sauƙin kuɗi, 1080 da 2400 a na sama da su. Hoton tsaye a kan kwamfuta dole ɗayan biyu: ko a yanke kai da ƙafa, ko a bar baƙin fili dama da hagu. Saboda haka foldar waya daban, ta kwamfuta daban. A Windows zaɓin Fill ya fi dacewa, yana cika fuskar ya ɗan datse gefe, Stretch kuwa jan hoton yake yi har fuskar mutum ta faɗaɗa. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, a babbar fuska zai fito da ɓurɓushi. Idan ta nan za ka tura wa kanka, ka tura shi a matsayin takarda, wato Document, ko ka haɗa wayar da kwamfutar da igiyar USB ka kwafe shi yadda yake.