Yadda ake kashe sankarar furostet a inda take, ba tare da an cire furostet ɗin duka ba

Furostet ƙwaya ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiya. A gefenta jijiyoyin miƙewar gaba suke. Shi ya sa idan aka cire ta ɗungurungum, wasu kan kamu da ɗigar fitsari ko raunin mazakuta. Maganin da ake bayani a nan kuwa wurin ciwon kaɗai yake kashewa, ta ƙonawa, daskarewa ko lantarki, ya bar sauran.

Rabin aikin yana wajen zaɓen majiyyaci. Ana fara ɗaukar hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu, sannan a ɗebo tsoka da allura daga inda hoton ya nuna, a kuma ɗebo daga sauran sassa, domin sau da yawa sankarar furostet ba wuri guda take tsirowa ba. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ciwo a ɓangare ɗaya, bai fita daga furostet ba, awon Gleason (ma'aunin tsananin sankarar a tsokar da aka ɗebo) 3+4, wato 7, PSA (sinadarin furostet da ake aunawa a jini) ƙasa da 20. Mai Gleason 6 galibi sa ido ya ishe shi. Ƙona shi wahala ce kawai.

Hanyar HIFU, wadda Amurka ta amince da ita a 2015, na'ura ake sakawa ta dubura ta tattara sauti a ɗigo guda har zafi ya haura digiri 60. Amma sautin ba ya kaiwa nesa, kuma duwatsun da kan taru a furostet suna tare shi. Idan ciwon yana ta sashen gaba na furostet, nesa da dubura, daskarewa ta fi: a soka allurai tsakanin maraina da dubura, a tura iskar argon har sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, a bari ya narke, a sake daskarewa. Duk lokacin ana zagaya ruwan ɗumi a hanyar fitsari don kada ta lalace. Akwai kuma ta girgizar lantarki, NanoKnife.

Ranar aiki ana wanke dubura, a yi allurar barci, kuma yawanci a sallami mutum ran nan da robar fitsari ta kwana 3 zuwa 7, saboda kumburi kan toshe hanya. Ɗan jini a fitsari ko maniyyi ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓi ko kasa fitsari bayan cire roba kuwa, a koma asibiti nan take.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne iyaka. MRI kan nuna ciwon ƙasa da girmansa, don haka ake ƙara milimita 5 zuwa 10 kewaye da shi. Likitan da ya matse iyakar don ceton jijiya, sai ya bar sankara a baki.

PSA ba zai sauka sifiri ba tunda akwai sauran furostet, kuma shi kaɗai ba hujja ba ne. Ana auna shi duk wata 3 a shekarar farko, a sake MRI da ɗiban tsoka wajen wata 12. A wani bincike na Birtaniya na 2018 kan maza 625 da aka yi wa HIFU, kashi 88 cikin ɗari ba su buƙaci tiyata ko gashin haske (radiotherapy) ba bayan shekara 5, ko da yake an maimaita wa wasu ƙonawar. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai dai har yanzu tana so a yi shi ne cikin bincike ko rajistar bibiyar majiyyata. Wanda ba zai iya dawowa bibiya ba, gara ya zaɓi tiyata ko gashi tun farko.