Yadda Ake Gano Iyakar Babbar Halaka a Duwatsun Sakkwato

Shekaru miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a Chicxulub ta ƙasar Meziko. Kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in halittu suka ƙare, har da dinoso, wato manyan dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangare. A lokacin ruwan teku kan malale yankin Sakkwato, yana barin laka da yashi shimfiɗa kan shimfiɗa tare da ragowar halittu. Shi ya sa a gaɓar kwari ake iya gano iyaka, wato inda shimfiɗun kafin halakar suka ƙare, na bayanta suka fara.

A fita bayan damina, lokacin da ruwa ya yanke gaɓa sabuwa, kuma a fara neman izinin mai gari. A riƙe guduma, kurfi, buroshi, tef na awo, tsofaffin jaridu da leda.

Daga ƙasa ake farawa, domin shimfiɗar da ke ƙasa ita ce ta girmi ta sama. A wajen Goronyo da Dukamaje a nemi yumɓu mai toka-toka da ke ɓarewa falle-falle, da jifsam, wani farin ma'adini mai ƙyalli, a ciki. A nan ake samun amonayit, mai kama da naɗaɗɗen dodon koɗi, da ƙasusuwan Goronyosaurus, wani ƙaton ƙadangaren teku. Sama da wannan yumɓun akwai yashin Wurno, sama da yashin kuma yumɓun Dange da farin dutsen Kalambaina. A yumɓun Dange da farin dutsen Kalambaina kuwa, wanda ake siminti da shi, babu amonayit ko Goronyosaurus ko ɗaya, sai haƙoran kifi, ƙashin kada da katantanwa. Wannan ɓacewar ita ce shaidar iyaka.

Babban kuskure shi ne tsintar abin da ya gangaro gindin gaɓa, don ba a san shimfiɗar da ya fito ba. Abin da ke maƙale a jikin dutse kaɗai ake rubutawa, tare da tsayinsa daga ƙasa, a ɗauki hoto kafin a taɓa.

Kada a wanke ƙashi da ruwa. Yumɓun zai kumbura, in ya bushe ya tsage, ƙashin ya ruguje. A shafa masa Paraloid B-72, wani irin gam mai ƙarfafa ƙashi, da aka narka a sinadarin asiton, a naɗe da jarida.

Wata shaidar iyakar ita ce iridiyom, ƙarfen da dutsen da ya faɗo ya watsa a duniya, wanda masana kimiyya Luis da Walter Alvarez suka bayyana samunsa a yumɓun Gubbio ta Italiya a 1980. Ido ba ya ganinsa. A ɗebi kamar giram 50 na yumɓu a kowace santimita 5 ta tsayin gaɓa, kowanne a ledarsa da lamba, a kai ɗakin gwaji.