Yadda Nake Tsara Ajin Lissafi na Ƙaramar Sakandare Tun Daga Farkon Shekara

Malam, idan an ba ka ajin lissafi na yara 'yan shekara 11 zuwa 14, kada ka fara da littafin darasi. Fara da kalandar makaranta da fensir. Ƙirga makonnin karatu, sannan ka soke waɗanda ka san ba za ka koyar a cikinsu ba. A ce a takarda makonni 39 ne. Cire uku na jarrabawa, uku na bita, sai wasu uku da za su salwanta a rajistar ɗalibai da wasanni da tarurruka. Saura 30. A cikin talatin ɗin ma ni 25 kawai nake cikawa da sabon darasi, biyar nake bari a buɗe, a warwatse cikin zangunan. Ba hutu ba ne. Akwai darasin da za ka ware masa mako guda ya cinye biyu, kuma malamin da bai bar wa kansa gurbi ba sai ya tsallake yara ya bi manhaja a guje.

Jerin darussa kuwa yana da dalili, domin a lissafi wani a kan wani yake zaune. Nakan sa lissafin kaso a gaba, wato rabi da sulusi da rubu'i da 'yan'uwansu, sai lambobi masu ɗigo, sai kashi cikin ɗari. Daga nan lambobin da ke ƙasa da sifili, sannan aljebra, wato lissafin da ake sa harafi irin x a gurbin lambar da ba a sani ba. Kusurwoyi da alwatika da da'ira da auna girman fili nakan raba su tsakanin zanguna, saboda suna ba yara damar riƙe rula da kamfas su ɗan sarara daga alƙaluma. Ƙididdiga da matsakaici sukan zo ƙarshe. Idan har lokaci zai ƙure, gara ya ƙure a can, kada ya ƙure a kan kaso. Yaron da bai fahimci kaso ba zai wahala a aljebra, ya wahala a kimiyya, kuma yawanci ba ya sanin daga inda ciwon ya faro.

A makon farko ina yin gwaji wanda babu maki a kansa, kuma ina gaya musu hakan tun kafin in raba takarda. Tambayoyin kaɗan ne, amma kowace da abin da take tonowa. Ina tambaya: 1/2 + 1/3 nawa ne? Wanda ya rubuta 2/5 ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, bai lura cewa amsarsa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Ina tambaya: tsakanin 0.5 da 0.25 wanne ya fi girma? Wanda ya zaɓi 0.25 tsawon lamba yake kallo. Sai wadda na fi so: 8 + 4 = __ + 5. Da yawa za su sa 12, domin a wurinsu alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe", ba su ɗauke ta a matsayin cewa gefen hagu da na dama nauyinsu ɗaya ba. Amsar 7 ce. Idan rabin aji suka sa 12, to ka san kafin ka taɓa aljebra akwai aiki a gabanka, kuma ɗaya daga cikin makonnin da ka ajiye ya samu mai shi.

Abin da nake bukata daga ɗalibi bai wuce shafi ɗaya ba, kuma shi ne shafin farko a littafin kowa. Ya zo da littafi da fensir da rula. Ya rubuta hanyar da ya bi, layi bayan layi, ba amsa tsurarta ba. Idan ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya gyara a gefe, kada ya goge, domin ina so in ga inda tunaninsa ya karkace. Ba a yi wa mai amsa ba daidai ba dariya; wannan dokar ba na sassauta ta ko kaɗan, saboda dariya ɗaya tana iya rufe bakin yarinya har ƙarshen zango. Kalkuleta sai ranar da na ce. Kuma ba a cewa "ni ba na jin lissafi" a ajina. Abin da na yarda a ce shi ne, "Malam, daga wannan layin ne na ɓata." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka makonni biyun farko nake tsayawa a kan waɗannan sosai.

A shafin nan kuma ina rubuta abin da su za su samu daga gare ni: zan mayar da takardun gwaji cikin mako guda, ba zan kawo a jarrabawa abin da ban koyar ba, kuma duk wanda ya ɗaga hannu zan saurare shi. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan sun yi tambaya, kuma idan suka kai daƙiƙa uku sai amsoshi su ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Gwada ka gani. Shirun zai yi maka nauyi da farko, amma hannayen da ba ka saba gani ba za su fara tashi.

Yanzu batun maki, inda rigima ta fi yawa. Ra'ayina ɗaya ne: maki ya faɗi gaskiyar abin da yaro ya iya a lissafi, kada ya zama bulala ko tukuici. Idan makarantarku tana da nata rabon, bi shi. Inda aka bar min zaɓi, ga yadda nake yi: aikin gida 10, gwajin mako-mako 20, gwajin ƙarshen babi 30, jarrabawar zango 40. Na rage nauyin aikin gida da gangan. Ban san hannun wa ya yi shi ba. Wani yayarsa ce ta zauna da shi, wani kwafa ya yi da safe, wani kuma ba shi da mai taimaka masa sam. Makin da nake bayarwa a kai na ƙoƙari ne, cewa an yi kuma an nuna hanya. Tambaya biyar zuwa takwas sun isa, biyu daga ciki na tsohon darasi.

Wajen duba takarda ina raba maki a kan matakai. Ɗauki 3x + 5 = 20, maki uku. Ɗaya na ɗebe 5 daga kowane gefe, ɗaya na raba da 3, ɗaya na amsar, wato 5. Yarinyar da ta tara maimakon ta ɗebe, ta samu 3x = 25, sannan ta raba da 3 daidai, tana da maki ɗaya na rabawar. Yaron da ya rubuta 5 kawai, babu komai a samanta, shi ma ɗaya yake da shi. Zai zo yana cewa, "Malam, ai na ci!" Sai ka nuna masa shafin farko na littafinsa. Ka yi wannan misalin a allo tun ranar farko, domin kowa ya ga yadda alƙalaminka yake tafiya.

Sifili kuma a yi hattara da shi. Yaro ya ci 80, 80, 80, sai rashin lafiya ta hana shi gwaji na huɗu aka sa masa 0. Matsakaicinsa ya faɗo 60, alhali iyawarsa ba ta ragu ba. Ni a gurbin nan nake rubuta "bai yi ba", in sa masa ranar da zai rama. Cikin gwaje-gwajen mako nakan jefar da mafi ƙanƙanta ga kowa. Wanda ya faɗi gwajin babi yana da damar sakewa sau ɗaya, da sharaɗin ya fara kawo min gyaran duk tambayar da ya faɗi, da jimla ɗaya da ke bayyana kuskurensa. Tambayoyin sakewa sababbi ne, kuma sabon makin shi ke maye gurbin tsohon. Wasu abokan aiki suna ganin wannan shagwaɓa ce. Ban yarda ba. Yaron da ya iya a mako na tara abin da ya gagare shi a mako na shida ya iya shi, kuma abin da nake nema ke nan. Surutu da makara suna da nasu hukuncin, amma ba na zare su daga makin lissafi.

Akwai wani bincike da Ruth Butler ta wallafa a 1988: yaran da aka mayar wa aikinsu da sharhi kaɗai sun ci gaba, waɗanda aka ba maki ba su ci gaba ba, haka ma waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi. Duk malami ya san dalili, ido a kan lamba yake sauka, sai a ninke takarda. Saboda haka a aikin aji sharhi kawai nake rubutawa, gajere kuma mai nuna wuri: "Duba alamar da ke layi na uku."

Kada bita ta jira ƙarshen zango. Tun 1885 wani mai bincike Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma maimaitawa da tazara tana rage ta. Minti biyar na farkon kowane darasi na tambaya uku ne a allo: ɗaya daga jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga zangon baya.

Iyaye su ma su samu kwafin shafin farkon nan na littafin ɗalibi, da rabon maki a jiki, su sa hannu su dawo da shi. A tsakiyar kowane zango kuma ka ɗauko jadawalinka ka gwada shi da inda ajin yake a zahiri. Idan kun yi baya da mako biyu, yanke shawara a lokacin kan abin da za a taƙaita, ka rubuta shi, ka sanar da shugaban sashe da malamin da zai karɓi yaran baɗi.