Yadda ɗan haya zai bi haƙƙinsa bayan gobara

Allah ya kiyaye, amma in ta faru, kada ka yarda a rufe maganar da "ai ƙaddara ce" kawai. Ƙaddara ce, eh, amma wanda zai biya asara ya danganta ne da inda wutar ta samo asali.

Da farko dai kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112, a fitar da mutane, kaya su jira. Da wuta ta lafa, kafin maƙota su fara share toka don taimako, ɗauki waya ka yi hoto da bidiyo na komai, musamman soket, mita da wayarin ɗin silin, don nan ne yawanci gaskiya take ɓuya.

Na biyu, je ofishin hukumar kashe gobara ka nemi rahotonsu a rubuce. Mutane da yawa suna raina wannan takarda, alhali in magana ta kai gaban alƙali ita za a fara tambaya.

Sai ka lalubo takardar yarjejeniyar haya da rasit ɗinka, in sun ƙone nemi kwafi wurin ejen, alat ɗin banki ma shaida ne. In ka taɓa tura wa mai gida saƙo a WhatsApp cewa wayarin na tartsatsi ya ce "bari sai wata ya mutu", to ajiye saƙon da kyau, sakaci nasa ne kuma kana iya neman diyyar kayanka. Amma fa in kai ka bar hita a bokiti lokacin hunturu aka dawo da wuta kana barci, ko ka ajiye jarkar fetur a ɗaki, to lissafi ya juyo kanka.

Batun ragowar kuɗin haya, a fiƙihun Malikiyya in gida ya lalace har ba ya zaunuwa haya ta warware, a mayar maka da kuɗin watannin da ba ka zauna ba, kuma ɗan haya ba ya biyan asara sai da ganganci ko sakaci. A kotun majistare kuwa an fi duba abin da kuka sa wa hannu, shi ya sa nake jin haushin masu kama haya da baki kawai.

Fara da sulhu gaban mai unguwa, a rubuta abin da aka cimma da shaidu biyu. In mai gida ya turje sai kotu, in ba ka da kuɗin lauya akwai ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, a jiharku. Ka kuma kai sunanka SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko za a samu tallafin katifa da kwanon rufi.