Kurakuran masu tara tsoffin sulallan azurfa na Turai

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne goge sule. Baƙi-baƙin da ke kan sulen da ya haura shekara 300 shaidar tsufansa ne, masu saye ma shi suke nema. Toka da man goge baki suna barin siraran zane waɗanda madubin ƙara girma ke tonawa nan take, farashi kuma ya faɗi warwas. In datti ne kawai, a jiƙa shi a tataccen ruwa, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ya bushe da kansa.

Sai ruɗuwa da shekara. Talar Mariya Tereza, babban sulen azurfa mai hoton sarauniyar da ta mulki Ostiriya, wadda ta shigo ƙasar Hausa da Barno ta hannun fatake, kusan kullum 1780 ce a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu. Amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar a Biyana, Landan, Faris, Rum har da Bombay. Galibin waɗanda ke kasuwa kuɗin azurfarsu kawai suka cancanta, da ɗan ƙari.

Sikelin da ke auna 0.01 na giram ya fi rantsuwar dillali. Talar nan giram 28.07 ce, azurfa kashi 83.3 cikin ɗari. Talar Daular Rum Mai Tsarki (tsohuwar daular ƙasashen Jamus) ta dokar 1566 giram 29.23 ce. Cin hannu kan rage kaɗan, amma giɓin giram guda abin tuhuma ne. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai ba ya kama tagulla ma, don haka gwajinsa bai isa ba. A duba gefe: jabu na zubi yakan nuna layin haɗi da ƙananan ramuka, rubutunsa kuma a dushe.

Wasu kuma kan guji mai kyau su rungumi mai aibi. Talolin garin Hall na yankin Tirol a Ostiriya an murza su ne tsakanin ƙarafa masu juyawa, shi ya sa sukan ɗan lanƙwashe. Zanen magagari a sulallan Faransa na ƙarni na 18 ma daga gidan bugu yake, inda ake rage nauyi kafin bugawa. Aibi na gaske shi ne gurbin kunnen rataya da aka cire, ko hujin da aka toshe. A leƙa saman kan sarki, a nan yakan ɓuya.

Kada a adana su a ledar PVC mai laushi, tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Asiton zalla, sinadarin da ake goge jan farce da shi, yana narkar da koren. Robar ɗaure kuɗi kuwa baƙanta azurfa take yi. Kowane sule a ba shi gidansa, a riƙe shi ta gefe.