Yadda mai zane ke tsara ƙunshin kilishi, daga awo zuwa madaba'a

Mai zanen ƙunshin kaya ba daga kwamfuta yake fara aiki ba. Kafin ya zaɓi launi ko ya ja layi ɗaya, sai ya riƙe kayan a hannunsa, ya san nauyinsa, ya san abin da ke lalata shi, ya kuma san hanyar da zai bi kafin ya isa ga mai saye. Kilishi misali ne mai kyau, domin duk matsalolin wannan sana'a sun taru a kansa: ga maiƙon labu, ga gefuna masu tsini, ga mai saye da ke son ganin abin da zai biya wa kuɗi.

Zaman farko da mai kaya na tambayoyi ne. Giram nawa za a zuba a kowace leda, 50 ko 100 ko 250? A kanti mai sanyi za a jera shi, ko a tasha cikin rana? A Kano zai tsaya, ko mota za ta kwana da shi a hanyar Legas? Guda nawa za a buga a karon farko? Wannan ta ƙarshe ita ce ke yanke kusan komai, kuma ita ce masu kaya suka fi kauce wa amsawa. Ka nace sai ka ji adadi.

Daga nan sai zaɓen leda. Abu uku ne ke kashe kilishi: iska, haske da danshi. Iska da haske suna sa man gyaɗa ya juya ya yi wari, danshi kuma yana kawo fumfuna. Ledar da ake ƙulla sikari da ita a shago ba ta tare ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata, kuma tsinin naman zai huda ta. Abin da ake so shi ne leda mai hawa biyu ko uku da aka manne wuri ɗaya: na waje mai karɓar bugu, na tsakiya na alminiyam mai tare haske da iska, na ciki kuma mai narkewa idan injin liƙi ya taɓa shi. Kaurinta duka kada ya gaza maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan mai kaya ya dage sai an ga naman, kuma yana da gaskiya, domin mutane da ido suke sayen kilishi, a bar 'yar taga ƙarama a gaba. Barin gaban ledar duka ya zama taga yana da kyau a makon farko kawai.

Awo da hannu ake yin sa. Zuba giram ɗin da aka amince a ledar gwaji, ka bar sarari kamar santimita 3 a sama domin liƙi da ɗan tsagin da mai saye zai yaga. Faɗin liƙin ya kai milimita 8 zuwa 10. Yawancin ledojin da ke buɗewa a hanya ba laifin inji ba ne, maiƙo ne ya taɓa bakin ledar lokacin zubawa, liƙin bai kama ba. Saboda haka a faɗaɗa baki yadda naman zai shiga ba tare da ya goga ba. A kuma gaya wa mai kaya kada ya rufe kilishi da ɗuminsa. Tururin zai koma ruwa a ciki. Gwajin liƙi ba ya cin ko sisi: nutsa ledar da aka rufe a bokitin ruwa ka matsa ta. Idan kumfa ya fito, akwai kafa.

Sai an gama wannan ake buɗe manhajar zane, CorelDRAW ko Adobe Illustrator. Ka nemi madaba'ar ta ba ka taswirar yanka tata, wadda ke nuna layin yanka, layin naɗi da wurin liƙi, kada ka ƙirƙiro taka. Launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3, domin wuƙar inji takan ɗan goce, in ba haka ba farin zare zai fito a gefe. Rubutu kuma ya ja baya daga gefe da milimita 3 zuwa 5. Fayil ya kasance a tsarin CMYK, wato launuka huɗu na tawadar madaba'a, ba RGB na allo ba. Jan da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a kan leda, kuma nan ne rigima da mai kaya ke farawa. Idan akwai launin da shi ne shaidar kamfani, a ba shi lambar Pantone, wato lambar da ke fayyace wa madaba'a ainihin launin. Hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci. Ƙananan rubutu a yi su da baƙi zalla, domin idan aka haɗa su da launi huɗu kuma farantin da ke buga launi ɗaya ya goce kaɗan, haruffan za su yi inuwa. A kan alminiyam sai an fara shimfiɗa farin tawada a ƙasa, idan ba haka ba launuka za su nutse cikin ƙyallin ƙarfen.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin salon haruffa masu ƙayatarwa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ka gwada su tun kafin ka zaɓi salon, sannan ka mayar da duk rubutun ya zama zane kafin ka tura fayil, don kada kwamfutar madaba'a ta sauya su da akwatin banza.

Bayan ledar na hukuma ne da mai saye. NAFDAC tana son sunan kaya, kayan haɗi a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, nauyi, suna da adireshin mai sarrafawa, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewa, da lambar rajista. Bayanin ya zo da Turanci, ana iya ƙara Hausa a kai. A rubuta a fili cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda masu rashin jituwa da ita. A bar farin fili wanda ba a shafa masa ƙyalli ba domin hatimin kwanan wata, don tawada ba ta zama a wuri mai santsi. Lambar sanduna da ake haskawa a kanti daga ƙungiyar GS1 mai raba waɗannan lambobi ake samun ta, ta Najeriya tana farawa da 615. Kada a rage ta ƙasa da kashi 80 cikin 100 na girmanta, a bar fili fari a hagu da dama, kuma kada a buga ta da ja, domin na'urar da jan haske take karatu, ba za ta gan ta ba.

Gaban leda kuwa abu uku ya ishe shi: suna, abin da ke ciki, da abu ɗaya da ya bambanta shi, kamar mai yaji ko marar yaji. Buga samfur a ainihin girmansa, ka ajiye shi cikin na wasu, ka ja baya mita 2. Abin da ba ka iya karantawa daga nan, mai saye ma ba zai karanta ba.

Idan guda ɗari biyar ne za a fara da su, a sayi leda marar bugu a manna mata sitika mai jure maiƙo. Bugu kai tsaye a kan leda yana buƙatar faranti ko silinda ga kowane launi, kuma kuɗinsa ba ya fita sai an buga dubbai masu yawa. A nan rage launi daga shida zuwa uku rage kuɗi ne na gaske.

Kwalin da zai ɗauki ledojin ma aikin mai zane ne. Kwali yana shan danshin damina ya yi laushi, wanda ya tsaya da ƙarfi a hunturu zai iya durƙushewa a watan Agusta. Cika shi, ka sake shi daga tsayin ƙugu a kan kusurwa da gefe da ciki, ka buɗe ka duba liƙin kowace leda. Kada a ba da umarnin babban bugu sai mai kaya ya ga samfurin madaba'a a kan ainihin ledar, ya karanta shi harafi bayan harafi, ya sa hannu da kwanan wata.