Yadda na gyara birkin tirelarmu da ke ja gefe guda

Tirelar DAF ce, tana ɗaukar siminti daga Ashaka zuwa Bauchi. Direba ya kawo ƙorafi cewa in ya taka birki a gangara, motar sai ta karkata hagu, kuma tayar baya ta dama tana warin mai.

Da muka kwance tayar a garejinmu na Gombe, sai ga lainin birki, wato abin da ke gogar ƙarfe ya tsayar da taya, ya jiƙe sharkaf da man aksul, ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kai. Sil ɗin hob, wato robar da ke tare mai a cibiyar taya, shi ne ya mutu, mai yana zuba cikin diram, ƙarfen da lainin ke kamawa in an taka birki. Lainin da ya sha mai ba ya kamawa, ko an wanke shi da fetur, don man ya riga ya shige cikinsa. Wasu na ƙona shi da wuta su mayar, ni ban yarda da wannan ba a motar da ke ɗauke da lodi.

Na sa sabon sil, na canza laini a ɓangarorin aksul ɗin duka biyu. Canza gefe ɗaya shi ke dawo da karkatar. Na auna cikin diram, bai wuce iyakar da aka rubuta a jikinsa ba, sai na bar shi. Nan aka tsira da kuɗi, domin diram ɗaya ya fi lainin aksul gaba ɗaya tsada.

Sannan na daidaita ajasta, abin da ke saita tazarar laini da diram, na zubar da ruwan tankunan iska, muka gwada ta da lodi. Ta tsaya cak, ba karkata.